Ciwon Numfashi a Jikin Macijin Kiwo: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Jinyarsa

Maciji ba ya tari. Ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda mutum ko akuya ke matsawa su yunƙuro kaki su tofar. Duk majinar da ta taru masa a maƙogwaro ko a huhu nan take zama, sai ɗan abin da ya gangaro da kansa. Ga shi kuma yawancin macizai huhu ɗaya ne ke musu aiki, na dama, dogo siriri. Na hagun ya ƙanƙance ko kuma babu shi sam. Dangin mesa ne ke da biyu, su ma na hagun bai kai na daman ba. Shi ya sa abin da za ka ɗauka 'yar mura ce kan zama ajalin maciji in aka yi sakaci.

Wannan bayani na macizan da ba su da dafi ne, waɗanda ake kiwo a gida don sha'awa. Mafi yawan misalan a kan ƙaramar mesa ne, wadda masana ke kira Python regius, mai dunƙule jiki ta cusa kai a tsakiya in ta tsorata. Tamu ce ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma daga Gana da Togo da Benin aka daɗe ana fitar da ita zuwa Amurka da Turai. Wanda ke da macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, ko bowa ta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, matakan duk ɗaya ne, ma'aunin zafi da danshi ne ya ɗan bambanta. Amma kububuwa da kasa da gamsheƙa ba sa cikin wannan magana. Buɗe bakinsu ba aikin gida ba ne, ko da mutum ya gaji wasa da maciji daga kakanninsa gardawa. Wanda ke tantama ya tambayi ma'aikatan asibitin waɗanda maciji ya sara na Kaltungo.

Mataki na 1: Ka tabbatar ciwon ne

Kashe fanka da rediyo, ka zauna kusa da akwatin ka saurara. Lafiyayyen maciji ba a jin numfashinsa. Mara lafiya za ka ji ɗan fito siriri, ko ƙas-ƙas, ko kakarin ruwa duk lokacin da ya ja iska. Sannan ka dubi fuskarsa da fitila. Kumfa a ƙofar hanci, ko yawu mai yauƙi a gefen baki, ko busasshen farin tabo da ya goga a jikin gilashi, duk alamu ne masu ƙarfi. Ka lura da harshe ma: in rassansa biyu sun manne da juna sa'ad da ya zaro shi, yawun bakin ya yi kauri ke nan.

In abin ya yi nisa, sai ka ga yana barin baki a buɗe, maƙogwaron yana kumbura yana sacewa, ko ya ɗora kai a kan kwanon ruwa ko a kusurwar akwati ya miƙar da wuya sama ya daɗe a haka. Hanyar iska yake nema. Ƙin cin abinci da kasala sukan biyo baya, ko da yake ƙaramar mesa takan yi yajin ci ko lafiyarta ƙalau, don haka wannan shi kaɗai ba hujja ba ce.

Akwai abubuwan da ke tsorata sabon mai kiwo alhali ba komai ba ne. Maciji mai shirin saɓa, wanda idonsa ya yi fari-fari, yakan yi fito saboda tsohuwar fatar cikin hanci ta saki; da ya yi saɓar sai ƙarar ta ɗauke. Hamma bayan cin abinci gyaran muƙamuƙi ce. Huci sa'ad da ka taɓa shi fushi ne. In kuma ka ɗauke shi bayan ya sha ruwa, ruwan kan zubo ta baki, tsararo ba yauƙi. Ƙara kaɗai a lokacin saɓa, ka iya jira ka gani. Ƙara tare da majina, ba a jira.

Mataki na 2: Leƙa cikin baki, sau ɗaya

Wani ya riƙe maka jikin, kai ka riƙe bayan kai a hankali, ka sa gefen katin roba mai tsabta ko sandar auduga ka ɗan buɗe bakin daga gefe. Kada ka sa ƙarfe, haƙoransa ƙanana ne masu saurin karyewa. Cikin baki mai lafiya ruwan hoda ne mai haske, da ɗan danshi. A ƙasan bakin, can gaba, akwai wata 'yar ƙofa mai buɗewa da rufewa: ita ce bakin bututun iska. In ka ga kumfa na fitowa daga cikinta, ko zaren yawu ya haɗa sama da ƙasa, ko jajayen ɗigo a dasashi, ko wani abu fari-rawaya mai kauri a gindin haƙora, ka gama bincike. Na ƙarshen nan ruɓar baki ce, kuma sau da yawa daga nan ƙwayoyin cuta ke gangarawa huhu.

Ɗauki hoto da waya, ka ɗauki bidiyon numfashin ma, domin a gaban likita maciji kan ɗauke numfashi ya yi tsit. Daga nan ka ƙyale bakin. Buɗe shi kullum don ganin ko an samu sauƙi wahalar da dabbar ce kawai.

Mataki na 3: Ware shi, ka gyara masa zafi yau ɗin nan

In kana da wasu macizai, fitar da mara lafiyar zuwa wani ɗaki daban, da kwanonsa da kayan aikinsa. Shi za ka riƙa dubawa a ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu. Ɗakin jinya ba ya bukatar ado: akwatin roba mai murfi da aka huda masa ƙofofin iska a gefe biyu, shimfiɗar farar takarda, maɓoya biyu, kwanon ruwa. Farar takarda na nuna maka majina da kashi da ƙwari, kuma canza ta kullum ba wuya.

Yanzu ga inda ciwon ya fi samo asali. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake aro. Narkar da abinci, yaƙi da cuta, har yadda magani ke zagaya jini, duk sun dogara da zafin wurin da yake kwance. Macijin da ke kwana cikin sanyi garkuwar jikinsa barci take, sai ƙwayoyin cutar da tun asali ke zaune lafiya a bakinsa su samu ƙofa. In aka yi masa allura aka mayar da shi akwatin sanyi, an yi asarar kuɗin allurar.

Ƙaramar mesa na son ɓangare mai ɗumi na digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyas, da ɓangare mai sanyi na 24 zuwa 27. Macijin masara ya fi jure sanyi, kusan 29 zuwa 30 ya ishe shi a ɓangaren ɗumin. A lokacin jinya sai a tura komai zuwa saman ma'aunin: ga mesa, ɗumin ya tsaya a 32 ko 33, ɓangaren sanyin a 27 ko 28, kuma kada a bari ya sauka da dare. Amma dole a bar masa wurin gudu in zafi ya ishe shi. Akwatin da ko'ina ya wuce 35 kashe maciji yake, kuma ya fi sanyi saurin kisa.

Kada ka auna da tafin hannu. Jikinka na kusan digiri 37, don haka abin da ka ji da ɗumi a hannu yana iya yi wa maciji yawa. Nemi ma'aunin zafi mai lamba, ka ajiye bakinsa a ƙasa daidai inda dabbar ke kwanciya, ka duba da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Duk abin ɗumamawa, shimfiɗar lantarki ce ko fitilar tangaran, sai an haɗa shi da na'urar da ke kashe wuta in zafi ya kai iyaka. Maciji mara lafiya kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba.

Mai kiwo a ƙasar Hausa yakan ce, ai nan garin zafi ne, kuma dabbar ta Afirka ce. Haka ne, amma a daji ƙaramar mesa cikin suri da ramukan ɓeraye take wuni, inda iska ke da danshi kuma zafin ba ya hawa da sauka sosai. A watan Disamba da Janairu daren Kano kan sauko ƙasa da digiri 15, Jos ta fi haka, ga busasshiyar iskar hunturu da ƙura. Da bazara kuma na'urar sanyaya ɗaki ce ke yin ɓarnar. Sai matsalar ɗauke wuta da tsakar dare. Maganinta shi ne ka tanadi gorar roba biyu ko uku, ka cika su da ruwan zafi, ka naɗe da tawul, ka jingina a jikin akwatin daga waje, ka rufa bargo ka bar ƙofofin iska a buɗe. Kaskon gawayi ko risho kuwa kada su shiga ɗakin. Hayaƙinsu na kashe mutum ma a rufaffen ɗaki, balle mai ciwon huhu.

Batun danshi kuma akwai tsohuwar shawara da ke yawo, wai a busar da akwatin maciji mai majina. Ga ƙaramar mesa wannan kuskure ne. Busasshiyar iska ƙara wa majina kauri take, kuma dabbar da ba ta tari ba ta da yadda za ta yi da kaki mai kauri. A riƙe danshin iska a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Macijin masara 40 zuwa 60 ya wadatar. Da hunturu danshin iskar arewa kan faɗi ƙasa da kashi 20, don haka sai an yi da gaske: babban kwanon ruwa a ɓangaren ɗumi, jiƙaƙƙen tawul a kan rabin murfin in na raga ne. Abin da ba a so shi ne jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da iska mara motsi. Iska ta yi danshi, ƙasa ta bushe.

Mataki na 4: Kawar da abin da yake shaƙa

Turaren wuta, igiyar sauro, feshin maganin ƙwari, fiya-fiya, hayaƙin janareta da na sigari, duk a nisanta su da ɗakin. Maganin ƙwari ma ba huhu kaɗai yake taɓawa ba, yana iya kashe maciji kai tsaye. Garin katako daga wurin kafinta kuma ba shimfiɗa ba ne: ga ƙura, ga shi ba ka san itacen ba, wasu itatuwa masu ƙamshi man jikinsu na ƙona hanyar numfashi.

Mataki na 5: Likitan dabbobi, cikin kwana ɗaya ko biyu

Gyaran zafi kan isa ne kawai in abin bai wuce ɗan fito ba, dabbar na da kuzari, baki tsaf. Da zarar an ga majina ko kumfa, sai magani. In yana numfashi da baki buɗe, yau za a je, ba gobe ba.

Yawancin likitocin dabbobinmu shanu da awaki da kaji da karnuka suka fi sabawa da su, don haka ka kira kafin ka tafi ka tambaya ko akwai mai duba dabbobi masu jan ciki. Wuraren da ya fi dacewa a fara tambaya su ne asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko likitan gidan zu mafi kusa. Sa macijin cikin rigar matashin kai, ka ɗaure bakinta, ka sa a kwali mai ƙofofin iska tare da gorar ruwan ɗumi a naɗe. Ba a bayan mota ba, ba a rana ba. Tafi da bayanin zafin da ka auna, da ranar da ya ci abinci na ƙarshe, da inda ka samo shi, da ɗanyen kashinsa in akwai.

Inda ka samo shi na da muhimmanci. Macijin da aka kamo daga daji yakan zo da tsutsar huhu, kamar Rhabdias, ko wata halitta mai kama da tsutsa da ake kira Armillifer armillatus, wadda ke zama a huhun mesa da kasa a Afirka. Ƙwanta na fita ta yawu da kashi, kuma tana kama mutum. Maganin bakteriya ba ya taɓa waɗannan, gwajin kashi da na majina ne ke tona su.

Likita zai auna nauyi a giram, ya duba baki, wataƙila ya ɗauki hoton huhu. Gwajin da ya fi amfani shi ne wankin huhu: a zura siririn bututu ta ƙofar iskar nan, a ɗura ɗan ruwan gishiri mai tsabta, a zuƙo shi, a kai ɗakin gwaji a shuka, wato a raini ƙwayoyin cutar da ke ciki su yawaita, a ga wace ƙwayar cuta ce kuma wane magani ke kashe ta. Wannan ya fi shafo yawun baki, don bakin maciji cike yake da bakteriya ko lafiyarsa lau. Waɗanda aka fi samu su ne Pseudomonas da Aeromonas da Klebsiella, kuma na farkon ya shahara da taurin kai wa magunguna. In kuɗi ya yi kaɗan har sai an zaɓa tsakanin hoto da shuka, ni dai shukar zan zaɓa.

Mataki na 6: Allura, har ƙarshe

Maganin da likitoci suka fi farawa da shi shi ne seftazidim, allura ɗaya duk bayan awa 72, saboda jikin maciji a hankali yake sarrafa magani. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 20 ga kowane kilo. Ka lissafa: mesa mai giram 1,200 miligiram 24 ke nan, alhali kwalbar da ake sayarwa domin mutane takan ɗauki miligiram 1,000. Kuskuren layi ɗaya a jikin sirinji ya isa ya ninka maganin. Wannan ne dalilin da ya sa lissafi da haɗawa aikin likita ne, ba na mai kemis ba.

Akwai enrofloksasin, wanda masu kiwon kaji suka sani sarai, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa gare shi. Allurarsa na iya ƙona nama ta bar tabo, zuba shi a ruwan sha kuma wasa ne, don maciji ba kullum yake sha ba, ba ka san abin da ya shiga cikinsa ba. Amikasin na da ƙarfi, amma yana lalata ƙodar dabbar da ba ta da isasshen ruwa a jiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In likita ya ba ka sauran alluran ka ƙarasa a gida, sa shi ya nuna maka da hannunsa tukuna. Ana yi ne a kashi ɗaya bisa uku na gaban jiki, cikin tsokar da ke gefen ƙashin baya, a zura bakin allurar tsakanin ɓawon fata biyu, yau dama, zuwa na gaba hagu. Tambaye shi yadda za a adana maganin, domin seftazidim da aka haɗa da ruwa ba ya daɗewa sai a sanyi, kuma firjin da wuta ke ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Rubuta ranakun a jikin bango. Jinya kan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye. Bayan allura ta uku yawanci ƙarar kan ragu, a nan ne mutane ke dainawa, sai ciwon ya dawo da ƙwayoyin da maganin farko ba ya ji musu.

Mataki na 7: Sirace, amma ba irin namu ba

Likita kan ƙara da shaƙar feshi. Na'urar nan ta masu asma ake amfani da ita: a zuba ruwan gishirin asibiti, a huda akwatin roba a zura bakin bututun, a sa macijin ciki minti 15 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana. Feshin na sassauta majina. Wasu likitoci kan haɗa da F10SC, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi a Afirka ta Kudu, kashi 1 cikin 250 na ruwa. Taimako ne, ba ya maye gurbin allura. Tafasasshen ruwa da man zafi, ko ganyen turare, ko tafarnuwa, ka bar wa kanka. Tururi na ƙona shi, man mai ƙamshi kuma na ƙara hura wutar da ake son kashewa. Haka kuma kada a ɗura masa komai ta baki, ƙofar iskarsa na nan a gaba, abu kaɗan ne ya faɗa huhu.

Abinci da ruwa

Dakatar da abinci muddin yana fama da numfashi. Haɗiyar ɓera na toshe baki na tsawon lokaci, in kuma ya amayar abin ya ƙara lalacewa. Babbar mesa mai ƙiba na iya makonni ba ci ba tare da wata illa ba. Jariri ne ke bukatar likita ya sa ido. Auna shi a sikelin kicin mako-mako. In ya rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, koma asibiti. Ruwa kuwa sabo kullum. Sa'ad da numfashi ya yi shiru na kusan mako guda, gwada masa abinci ƙarami, wanda bai kai wanda ya saba ba.

In magani ya ƙare ciwo bai tafi ba

Fara duba ma'aunin zafi da asuba, don sau da yawa laifin na nan. In zafin daidai ne, ko dai maganin bai dace da ƙwayar cutar ba, ko kuma ba bakteriya ba ce tun farko. A shekarar 2014 masu bincike suka bayyana wani bairos, nidobairos, a jikin ƙananan mesa masu ciwon numfashi, a 2018 kuma gwaji ya tabbatar shi da kansa ke haddasa ciwon. Alamarsa yawu mai yawa da jan baki, ya lafa ya dawo. Ba shi da magani. Allura na rage bakteriyar da ta hau kansa ne kawai, kuma wani macijin na ɗauke da shi ba alama yana yaɗa wa sauran. Gwajin PCR na yawun baki, wanda ke neman ƙwayar halittar bairos ɗin, ke gano shi. Wanda aka samu da shi zaman kaɗaici ne har ƙarshen rayuwarsa, ba a haɗa shi barbara, ba a sayar wa wani. In kuma ciwon numfashin ya zo da karkarwar kai, ko juyewa rigingine ya kasa tashi, likita zai yi zargin wasu bairos masu taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a nan maganar kan koma ta kashe dabbar ce don a hutar da ita, da kare sauran.

Tsohon akwatin

Kafin ya koma, zubar da tsohuwar shimfiɗa duka, da duk wani itace da ba ya wankuwa. Wanke da sabulu, sannan ruwan bilic kimanin mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a shanya har warin ya fita. Kada a yi amfani da magungunan wanki masu sinadarin finol irin su Izal da Dettol, ba sa shiri da dabbobi masu jan ciki. Duba ƙarƙashin haɓa da kewayen ido da cikin kwanon ruwa ko akwai ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsotsar jini, domin suna raunana maciji kuma suna iya ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. In akwai, likita ya zaɓi maganin. Duk sabon macijin da ka sayo nan gaba, ya yi aƙalla kwana 90 a ɗaki daban, a kan farar takarda, kafin ya kusanci waɗanda ke gida.